Kurakuran da aka fi yi wajen nema wa fursuna yafiyar kuɗin kotu a Amurka

Na gaji da ganin sababbin masu taimaka wa fursunoni suna maimaita kuskuren da ni kaina na taɓa tafkawa, wato rashin bambance ƙarar ƙalubalantar tsarewa, wadda lauyoyi ke kira habeas corpus, da ƙarar tauye haƙƙi a cikin kurkuku. A kotun tarayya, kuɗin shigar da ta farko dala 5 ne kacal, kuma alƙali yana iya yafe shi ga wanda ba shi da hali. Ta biyu kuwa, tun da aka yi dokar ƙararrakin fursunoni a 1996, babu yafiya ga fursuna, sai dai jinkiri: dala 350 ta zama bashi a wuyansa, ana cire kashi 20 cikin ɗari na abin da ya shiga asusunsa na kurkuku kowane wata.

A shekarata ta farko na cika wa wani bawan Allah takardar ƙarar tauye haƙƙi, alhali saki yake nema, ban san cewa tun 1973 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mai neman saki hanyar habeas zai bi ba. Aka kori ƙarar, bashin kuma ya tsaya. Har yau ina tuna takardar asusunsa: mahaifiyarsa ta aika dala 50, aka cire wa kotu 10, ya sayi sabulu da kan sarki da ragowar. Wanda ya ji wannan kuma ya ƙi karanta kan takarda kafin ya cika ta, ganganci ya yi, ba rashin sani ba.

Kuskure na biyu shi ne zaman jiran shaidar asusu, wato takardar da ke nuna kuɗin da fursuna yake da shi, daga jami'in kurkuku har wa'adin shekara ɗaya na shigar da ƙarar habeas ya wuce. Ni ranar da na fara rubutu nake sa a nemi shaidar, idan ta yi jinkiri kuma in ce a tura ƙarar tare da bayanin dalili, domin ranar da fursuna ya miƙa ta ga jami'ai ita kotu ke lissafawa.

Ɓoye 'yan kuɗin da dangi ke aikowa wauta ce, tun da takardar neman yafiya bayanin rantsuwa ce, kuma ƙarya a ciki tana sa a kori ƙara. Manta sa hannu ma yana dawo da takarda.

Idan kuwa ƙarar habeas ce kuma akwai dala 5 a asusun, ni biya nake sa a yi.