Lambar da ke jikin kaya ba ita ce aikinsa ba: kurakuran masu gyaran kayan ado a The Sims 4

Tun da kamfanin EA ya mayar da asalin The Sims 4, wasan kwamfuta na gina gida da tafiyar da rayuwar mutanen ciki, kyauta a watan Oktoban 2022, wasan ya samu shiga kwamfutocin matasa a Garwa da Marwa, har Njamena. Wasan ya fito tun 2014, kuma kayan adonsa babu ko faifai ko tasoshin jere irin na ɗakin amarya, shi ya sa wasu ke zama su ƙera nasu da manhajar Sims 4 Studio. Ƙera siffar ba ta cika ba su wahala ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen lambobi: farashi, makin ƙawata ɗaki, da tasirin kayan a kan yanayin Sim, wato mutumin cikin wasan.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar rubutun kantin sayen kaya na cikin wasan a matsayin aiki. Idan ka buɗe fayil ɗinka a Studio ka shiga shafin Warehouse, za ka tarar da abubuwa biyu masu kama da juna, Object Catalog da Object Definition. Na farkon shi ne abin da mai saye ke gani: suna, bayani, da 'yan lambobin nan da ke bayyana idan ka ɗora linzami a kan kayan. Sai mutum ya mayar da makin muhalli, wato na ƙawata ɗaki, daga 1 zuwa 10 a nan, ya shiga wasa, ya ga 10 ɓaro-ɓaro, ya ce aiki ya yi. Sim kuwa ya shiga ɗakin ya fita ko gezau. Tamkar ka rubuta "kilo hamsin" ne a jikin buhun da babu komai ciki. Makin da wasan ke lissafi da shi yana cikin Object Definition, a gurbin PositiveEnvironmentScore, kuma kusa da shi akwai na rage maki da na yanayin zuciya. Gyara can tukuna, sannan ka dawo kanti ka sa lambar da ta dace, don kada ka yaudari wanda zai sauke kayanka. Farashi ma ka duba shi a wuraren biyu.

Daga nan sai batun launi. Kowane launi na kayan yana da nasa Catalog da nasa Definition. Darduma mai launi shida, Definition shida ke nan. Ka gyara na ja kawai, shuɗin da koren suna nan yadda ka same su, kuma galibi wanda ba ka gyara ba shi abokinka zai fara gwadawa.

Akwai kuma masu zarin lamba, su zuba 999 wai don Sim ya mutu da murna. Jin daɗin da ƙawar ɗaki ke bayarwa matakai ne masu iyaka, idan an kai na ƙarshe an kai. Abin da kawai ka yi shi ne kashe amfanin sauran kayan ɗakin, tunda tulu ɗaya ya gama komai. A ganina ma wannan ɓata wasa ne. Ka buɗe wani kayan EA mai tsada irin naka, ka ga nawa suka ba shi, ka tsaya kusa da nan.

Zaɓin da ake yi tun a shafin farko na Studio shi ma yana cin mutane. Override yana maye gurbin kayan EA ne kacokan, duk gidan da ke da wannan fitilar a duk garuruwan wasan zai canza. Idan sabon abu kake so a gefe, Standalone Recolor ko Create 3D Mesh za ka ɗauka. Kuma Override biyu a kan kaya ɗaya ba sa zama tare, ɗaya ne zai yi aiki. Haka yake ga wanda ya taɓa tuning, wato fayil ɗin XML da ke tsara halin kayan: in ka gyara na EA ba ka canza masa suna da lamba ba, ka gyara wa duk kayan da ke amfani da shi. Ba shi sabon suna mai ɗauke da laƙabinka, fitar da lambar shaidar sunan, wato FNV64, a Hash Generator na cikin Studio, sannan ka sa sunan da lambar a Object Definition. Harafi ɗaya ya kuskure, kayan ya zama gunki ko ya ƙi ajiyuwa.

Mu da kwamfutocinmu ke magana da Faransanci muna da namu tarkon daban. Foldar wasan a wajenmu "Les Sims 4" ce, a cikin Documents, ƙarƙashin Electronic Arts. Mai bin bidiyon Turanci sai ya rasa "The Sims 4", ya ƙirƙiri tasa da hannu, ya zuba kaya a ciki, wasan kuwa bai san da ita ba. Sunan kayan ma haka: idan teburin rubutun Turanci kaɗai ka cike, a wasan Faransanci sunan ba zai fito daidai ba, sai ka kwafa rubutun zuwa duk harsuna. Sannan mun saba rubuta 2,5 tun daga makaranta, amma a cikin XML ɗigo ake sawa, 2.5.

Sauran ƙanana ne. Fayil ɗin da ya zo ta WhatsApp a ƙunshe cikin zip ko rar, warware shi kafin ka sa a Mods, foldar da ake zuba kayan ƙari a cikin foldar wasan. Fayil mai ƙarewa da .ts4script kada ya wuce zurfin folda ɗaya a cikin Mods. Bayan sabunta wasa a kan kashe izinin mods, wato kayan ƙarin da ba na EA ba, ka koma saiti ka kunna, ka rufe wasan ka sake buɗewa. Ka riƙa adana aikinka a kai a kai, domin wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Wajen gwaji, goge fayil ɗin localthumbcache.package da ke foldar wasan kafin ka shiga, kada wasan ya nuna maka tsohon abu. Kada ka dogara da kayan da ke ajiye a ɗaki tun jiya, sayar da shi ka sayi sabo. Gina ɗaki rufaffe babu komai ciki, sa kayan shi kaɗai, shigar da Sim, ka duba ko alamar jin daɗi ta fito. In ba ta fito ba, ko ka ga fayil ɗin lastException, mai rahoton kuskure, ya bayyana a foldar wasan, kwashe rabin abin da ke cikin Mods ka sake gwadawa, ka ci gaba da rabawa biyu har fayil ɗin da ke rikicin ya rage shi kaɗai.