Idan bidiyo daga sabar gida yana tsayawa

'Yan uwa masu ajiye fina-finai da karatuttuka a kwamfutar gida suna kallo daga nesa da Plex ko Jellyfin, ga abin da na koya.

Sabata, wato kwamfutar da nake ajiye bidiyon a kai, tana gidanmu a Tudun Wada, ni kuma ina kwana a Samaru. Kullum bidiyo sai ya yi minti biyu ya tsaya, da'irar nan tana ta juyawa. Na daɗe ina zagin wayata, ashe matsalar tana can gida: ƙarfin intanet na turawa, ba na saukewa ba. Ka sa wani a gida ya buɗe Speedtest, shafin gwada saurin intanet, a kan kwamfutar, ya karanta maka lambar turawa (upload). Tamu 3 Mbps ce kawai, alhali fim ɗin yana neman 8. Ina zai isa?

Sai na rage ingancin bidiyon zuwa 720p, 2 Mbps. Tun daga nan lafiya lau, data ma ta huta, don 8 Mbps na cin kusan 3.6GB a awa ɗaya.

In kwamfutar tsohuwa ce, rage ingancin nan zai sa ta yi zafi tana huci. Gara ka matse fayil ɗin da HandBrake, manhajar rage girman bidiyo, tun da wuri. Kuma ka haɗa kwamfutar da rauta, wato na'urar raba intanet, da kebul, ka bar Wi-Fi.