Abin da za ka kiyaye kafin gwajin ƙoda

Aikina ɗibar jini ne a ɗakin gwaji, kuma ina jin ciwo idan mai ciwon ƙoda ya ga lambarsa ta hau ya kwana bai runtsa ba, alhali wani lokaci ba ƙodar ce ta canja ba.

Abin da muke aunawa shi ne kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace ta zubar a fitsari. Da shi ake lissafa eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda idan ya zauna ƙasa da 60 sama da wata 3 ake cewa ciwon ya zama mai ɗorewa. Gasasshen nama yana ɗaga kiriyatinin, don haka ka haƙura da tsire, balangu da kilishi awa 12 kafin a ɗebi jinin. Aikin ƙarfi ma ka ɗaga masa ƙafa jajibirin ranar.

Ka sha ruwa yadda ka saba, ko gwargwadon da likita ya ƙayyade maka. Zafin Afrilu, azumi, amai ko gudawa duk suna busar da jiki, lambar kiriyatinin ta tashi. In akwai ɗaya daga ciki, ka faɗa.

Magani ne babbar magana. Ka tattaro duk abin da kake sha cikin leda ka zo da shi, har da jiƙo da ƙullin gargajiya, ba abin kunya ba ne. Septrin da cimetidine suna ɗaga kiriyatinin ko da ƙodar tana nan yadda take. Ibuprofen da diclofenac kuwa, waɗanda ake saya a kemis don ciwon jiki, su da gaske suke illata ta. Lisinopril na hawan jini yakan ɗan ɗaga lambar a farkon sha, amma yana kare ƙoda, kada ka daina sai da izinin likita.

Tsohuwa ramammiya ba ta da tsoka sosai, lambarta na iya fitowa da kyau alhali ƙodar ta gaji. A nan likita kan nemi gwajin cystatin C, wani gwajin jini na ƙoda da bai dogara da yawan tsoka ba, inda ake da shi.

In da gwajin fitsari, ka kawo na farkon asuba. Mace mai al'ada ta jira ta yi tsarki, mai zazzaɓi ya bari ya warke.

Ka riƙe ɗakin gwaji ɗaya, ka adana tsofaffin takardunka. Wasu na rubuta kiriyatinin da ma'aunin mg/dL, wasu da µmol/L, kuma 1 na farkon daidai yake da 88.4 na biyun.