Yadda Ake Tattara Alƙaluman Gona da Za Su Nuna Dabarar da Ke Jure Canjin Yanayi

Kafin ƙidayar noma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022, Najeriya ta shafe kusan shekara talatin ba ta yi irinta ba. A tsakanin ƙidaya da ƙidaya, abin dogaro shi ne rahoton malaman gona na hukumomi irin su KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Kano, da binciken damina na NAERLS, cibiyar bincike da wayar da kan manoma da ke Zariya. Idan aka tafka kuskure tun daga bakin gona, kwamfutar ofis ba ta iya gyara shi. Ga yadda ake aikin.

Da farko a fitar da gonakin gwaji ta hanyar ƙuri'a daga jerin magidantan ƙauye. Idan aka bar wa mai unguwa zaɓi, gonar da ta fi kyau a bakin hanya zai nuna, sai alƙaluma su kumbura. A tabbatar gonakin mata da na fadama sun shiga jerin.

Na biyu, a auna girman gona, kada a tsaya ga tambaya. Malamin gona ya zagaya iyaka da ƙafa riƙe da waya mai GPS, sau biyu, a ɗauki matsakaici. Mai ƙaramar gona yakan ƙiyasta ta fiye da girmanta, kuma eka da hekta sukan rikice a baki, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Na uku shi ne yankan gwaji lokacin girbi, kuma nan ne gundarin aikin. A kafa turaku huɗu da igiya, mita 5 kowane gefe, a wurin da ƙuri'a ta faɗa, nesa da gefen gona. Daga kusurwa zuwa kusurwa igiya ta ba da mita 7.07, in ba ta ba da haka ba filin ya karkace. A girbe duk abin da ke ciki, a sussuke, a sheƙe, a ɗora a sikeli, sannan a duba danshin hatsin da na'urar awon danshi. Ɗauki misalin masara kilo 6 mai danshi kashi 20 cikin ɗari. Don mayar da ita kan danshi kashi 14, a ninka 6 da 80 (wato 100 a cire 20), a raba da 86 (wato 100 a cire 14), ya ba da kilo 5.58. A ninka da 400, tunda filin gwaji 400 ne ke cika hekta: kilo 2,232 ke nan. Wanda ya tsallake lissafin danshi zai rubuta 2,400, ya ƙirga ruwa a matsayin hatsi. Dami da tiya da buhu kuwa ba awo ba ne tsayayye, damin gero na wannan gari ba shi ne na wancan ba. In dole sai an karɓi amsa da su, a auna guda biyar a sikeli a garin, a rubuta nauyinsu. Inda aka haɗa gero da wake, kowanne a auna shi daban, amma filin sau ɗaya ake ƙirga shi.

Na huɗu, a rubuta yadda aka yi noman. Wannan shi ake yawan mantawa, kuma in babu shi ba za a san dabarar da ta yi amfani ba. Ranar shuka, da ko an sake shuka bayan tsayawar ruwa. Sunan iri, kamar gero SOSAT mai saurin nuna ko na gida. Buhu nawa na yuriya da NPK, amalanke nawa na takin gargajiya. Itatuwan gawo nawa ke tsaye, an bar karmami ko an ƙone, an haƙa ramukan tassa ko rabin-wata masu tare ruwan sama. A gonar shinkafa a rubuta kwanakin da ruwa ya kwanta, domin kwanciyar ruwa ce ke fitar da iskar metan mai ɗumama duniya.

Na biyar, ruwan sama. A kafa ma'aunin ruwa a fili, nesa da bishiya da rufi, a karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Gurbin da aka bari fayau ba ya bambance fari da ranar da ma'aikaci bai zo ba.

A cika fom a manhajar KoboToolbox ko ODK, dukkansu suna aiki babu intanet. A sa wa kowace gona lamba ta dindindin don a koma mata baɗi, a kuma saita fom ya ƙi karɓar adadin da hankali ba zai ɗauka ba. Mai duba aiki ya sake auna gona ɗaya cikin goma kafin a tura alƙaluman jiha.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, sukan taimaka wajen ƙiyasta faɗin noma, amma gajimaren Agusta na rufe su, kuma da wuya su rarrabe gero da dawa a gonar haɗaka. Sai an haɗa su da lambobin GPS na gonakin da aka taka da ƙafa.