Yadda ake kare gida daga wutar daji a garuruwan kan duwatsu

Ranar 8 ga Nuwamba, 2018, wutar daji ta cinye garin Paradise da ke gindin duwatsun Sierra Nevada a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutum 85 ne suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone. Wanda ya duba hotunan garin bayan gobarar zai lura cewa gidaje sun zama toka, amma bishiyoyi da yawa da ke kewaye da su suna nan tsaye, wasu ma da ganyensu.

Dalili kuwa shi ne, yawancin gidajen da ke ƙonewa a irin wannan gobara, garwashi ne ke cin su. Iska kan kwashi garwashin ta yi tafiyar fiye da kilomita guda da shi, ta zuba a kan rufi da lungunan gida tun kafin harshen wutar ya iso. Jack Cohen, wani masani da ya yi aiki a hukumar kula da gandun daji ta Amurka, ya daɗe yana bincike a kan haka. A gwajin da aka yi a arewacin Kanada a ƙarshen shekarun 1990, an kafa bangayen katako kusa da daji aka cinna wa dajin wuta, kuma waɗanda ke nisan mita 20 da 30 ba su kama ba. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san irin wannan da hunturu: tartsatsi ɗaya ke tashi daga wani gida ya sauka a jinkar maƙwabci. Saboda haka daga jikin gida ake fara aikin, a riƙa fita waje a hankali. Mutane da yawa kan yi akasin haka, su kashe kuɗi wajen sare manyan bishiyoyi, su bar busassun ganyaye cike da indararo.

Mataki na farko: rufi da indararo

Rufi shi ya fi ko'ina faɗi, shi ya fi tare garwashi. In na fale-falen katako ne, babu wani gyara da ya kai sauya shi muhimmanci. A sa na kwano ko na tayil ko wani abin da ba ya cin wuta. Amma ko rufin kwano ne, ka hau tsani ka share shi. Bishiyoyin waɗannan duwatsu ganyensu sirara ne kamar allura, suna zuba su taru a indararo da inda rufi biyu suka haɗu, in sun bushe kuwa ba su da maraba da ƙirare. Ka kwashe su kafin rani ya shiga, ka sake dubawa duk bayan iska mai ƙarfi. Reshen da ya rufa a kan gida a datse shi, wanda ke kusa da bututun hayaƙi a ba shi tazarar aƙalla mita 3.

Mataki na biyu: toshe hanyar da garwashi ke shiga

Gidajen katako suna da ƙofofin shan iska a ƙarƙashin rufi da ƙasan daɓe. Ta nan garwashi ke kutsawa ya sauka a kan kwalaye da tsummokaran da aka ajiye a saman silin, gida ya kama daga ciki babu wanda ya sani. A rufe su da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 3 ba. Ragar roba narkewa take yi. Taga mai gilashi ɗaya zafi kan fasa ta, don haka mai hali ya sa mai gilashi biyu. Tun 2008 dokar gini ta Kalifoniya ta wajabta irin waɗannan abubuwa ga sababbin gidajen da ake ginawa a wuraren da ke da haɗarin wutar daji, amma tsofaffin gidaje sai mai gida ya tashi da kansa.

Mataki na uku: mita ɗaya da rabi na jikin bango

A ganina nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suka fi yin gardama, don nan ne uwargida ta dasa furanninta, nan ne maigida ya jera itacen hura wuta don kada ya yi nisa da ƙofa lokacin sanyi. Iska idan ta bugi bango takan zubar da abin da ta ɗauko a gindinsa, garwashi ya taru a wurin. Duk abin da ya tarar mai cin wuta zai kama, ya mayar da wutar jikin gida.

Ka zagaya gidan da manjagara, ka auna mita ɗaya da rabi daga bango, ka fitar da komai: ciyawa, ƙananan shuke-shuke, ɓawon itacen da ake zubawa a gindin furanni, kwandon shara, tabarmar bakin ƙofa, tsintsiya, kujerun roba. A madadinsu ka zuba tsakuwa ko ka yi daɓen siminti. Ka leƙa ƙarƙashin baranda, domin mutane kan mayar da wurin sito. Sai shingen katako: in ya haɗe da bangon gida, wuta za ta bi shi har ta iso, saboda haka a sauya gaɓar da ta taɓa gidan da ƙofar ƙarfe. Majalisar dokokin Kalifoniya ta zartar da doka a kan wannan ɗan fili a 2020, amma aikin yini ɗaya ne, ba sai mutum ya jira hukuma ta tilasta masa ba.

Mataki na huɗu: daga nan zuwa mita 30

Tun 2005 dokar jihar ta ce a gyara fili na ƙafa 100, wato kimanin mita 30, kewaye da gida, ko zuwa iyakar filinka in bai kai haka ba. Ba a nufin a mayar da wurin fako. Abin da ake so shi ne a raba abincin wuta, ta yadda in ta zo za ta riƙa rarrafe a ƙasa, ta kasa hawa sama.

A mita 9 na farko a cire duk abin da ya bushe, a kai tarin itace can bayan wannan iyaka. Ciyawa kada ta wuce tsawon santimita 10. A datse rassan ƙasa na bishiyoyi har zuwa kimanin mita 2, a kuma sassabe ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashinsu, don su ne tsanin da wuta ke takawa daga ciyawa zuwa kan bishiya. In an bar wani, tazarar da ke tsakaninsa da reshe mafi kusa ta ninka tsawonsa sau uku.

Gangare yana sauya lissafi. Wuta ta fi sauri idan tana hawan tudu, domin zafinta na busar da abin da ke gabanta tun kafin ta taɓa shi. A shimfiɗaɗɗen wuri tazarar mita 3 tsakanin rassan bishiyoyi ta isa, a gangare matsakaici a ba da mita 6, a mai tsanani mita 9. Ɓangaren da ke ƙasa da gidan shi za ka fi ba ƙarfi. Yankan ciyawa da inji kuma a yi shi da safe kafin ƙarfe 10, kada a yi ranar iska, don bakin inji in ya bugi dutse yakan fitar da tartsatsi.

Mataki na biyar: maƙwabta da hanya

Gidan da ya kama wuta ya fi bishiya haɗari ga na kusa da shi, domin yakan daɗe yana ci. A Paradise wuta ta riƙa tsallakawa daga gida zuwa gida. Shi ya sa unguwanni da yawa a Amurka suka shiga shirin Firewise USA, inda ake sa ranar aikin gayya, a taimaka wa tsofaffi da marasa ƙarfi su gyara nasu filin. A tabbata lambar gida tana ganuwa cikin hayaƙi da dare, hanyar shiga kuma ta ishi motar 'yan kwana-kwana ta shiga ta juya.

Mataki na shida: ranar da wuta ta taso

Tun kafin ranar ka haɗa jaka ɗaya: takardun gida, magunguna, ruwa, tocila, cajar waya. Ka san hanyoyin fita biyu, kowa a gidan ya san inda za a haɗu. Ranar da hukumar yanayi ta yi gargaɗin iska da bushewa, ka cika tankin mota, ka ajiye ta tana fuskantar titi.

In akwai sauran lokaci, ka rufe tagogi da ƙofofi, ka kashe gas, ka shigar da kayan baranda ciki, ka bar fitilu a kunne don a hango gidan. Kada ka bar famfo na zuba, ƙarfin ruwan da masu kashe gobara ke buƙata kake ragewa. Ka sa dogayen tufafin auduga da takalmi sau-ciki. Sannan ka fita da wuri, ko da umarnin tashi bai iso ba tukuna. A Paradise motoci sun cunkushe a 'yan hanyoyin da garin ke da su, a gobarar Pedrógão Grande ta ƙasar Fotugal kuwa, a watan Yunin 2017, mutum 66 suka mutu, mafi yawansu a kan titi suna ƙoƙarin tsira.

Bayan an ba da izinin komawa, ka hau saman silin ka duba, ka duba indararo da ƙarƙashin baranda, ka ci gaba da dubawa na wasu sa'o'i, domin garwashi kan ɓuya yana ci a hankali. Ka yi hattara da ramukan kututture da suka cika da toka mai zafi, da wayoyin lantarkin da suka faɗo.