Yadda za ka kare babbar manhaja mai dogon tallafi idan sabuwar ɓaraka ta ɓullo

Masu kula da sabobin Linux da dama sun fi son fitowar LTS, wato mai dogon tallafi, saboda ba ta yawan sauyawa, kuma masu ita sun yi alkawarin kula da tsaronta na tsawon shekaru. Ubuntu tana fitar da irinta duk bayan shekara 2 a watan Afrilu, da tallafin shekara 5 wanda Ubuntu Pro ke kaiwa 10. Red Hat Enterprise Linux tana ba da shekara 10, Debian kuma wajen 5. Sai dai alkawarin bai wuce fitar da faci ba, wato gyaran da ke toshe ɓaraka. Ɗora shi da tabbatar da cewa ya fara aiki suna wuyanka, musamman ranar da aka ji labarin ɓarakar zero-day, wato wadda masu kutse suka riga suka fara bi ta cikinta kafin a samu gyara. Haka ta faru da Dirty COW a watan Oktoban 2016, wadda ta kwashe kusan shekara 9 a kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar.

Tun kafin ranar ta zo, ka rubuta kowace na'ura da fitowar da ke kanta da ranar da tallafinta zai ƙare. CentOS 7, alal misali, ta daina samun gyara tun 30 ga Yunin 2024, don haka jiran facinta ɓata lokaci ne. A Ubuntu kuma ka lura cewa tallafin shekara 5 ya shafi manhajojin sashen main ne. Na sashen universe sai da Ubuntu Pro ake samun tabbacin gyaransu, kuma mutane da yawa ba su ankara da wannan sai abu ya faru.

Da zarar labari ya fito, nemi lambar CVE ta ɓarakar, wato lambar shaidar da ake ba kowace ɓaraka, sannan ka duba sanarwar masu manhajarka: USN a Ubuntu, DSA a Debian, RHSA a Red Hat. A nan ne za ka ga ko fitowarka tana ciki. Ba kowace ke shafar ka ba. Ƙofar sirrin da aka gano a xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024 tana cikin sigar 5.6.0 da 5.6.1 ne, waɗanda ba su kai ga shiga fitowar LTS ba.

Idan ta shafe ka kuma faci bai iso ba, rage hanyar da za a iso gare ka. Kashe sabis ɗin idan aiki zai jure, ko ka taƙaita masu iya haɗuwa da shi ta katangar tsaro, ko ka bi matakin wucin gadi da sanarwar ta bayar. Lokacin regreSSHion, wato CVE-2024-6387 a OpenSSH, manhajar shiga na'ura daga nesa, an ba wanda bai iya ɗora faci ba shawarar mayar da LoginGraceTime zuwa 0 a sshd_config, wanda ke toshe ɓarakar amma yana ba maƙiyi damar cika layukan shiga har masu haƙƙi su kasa. Irin wannan mataki yana da tsadarsa, saboda haka ka rubuta shi domin ka cire bayan gyara.

Idan facin ya iso, apt update da apt upgrade sun isa a Ubuntu da Debian, a Red Hat kuma dnf upgrade --security. Gwada shi a na'ura ɗaya tukuna, amma a ganina gwajin kada ya wuce sa'o'i idan ana amfani da ɓarakar a halin yanzu, domin hatsarin jira ya fi na facin.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne tabbatarwa. Masu LTS ba su kawo sabuwar sigar manhaja. Gyaran kaɗai suke cirowa su dasa a tsohuwar. An gyara regreSSHion a OpenSSH 9.8p1, amma a Ubuntu 22.04 lambar ta tsaya a 8.9p1, wutsiyarta ce kawai ta ƙaru. Shi ya sa manhajar bincike da ke duba lamba kaɗai za ta ce har yanzu kana cikin hatsari alhali an gyara. Kada wannan ya sa ka harhaɗa sabuwar siga da hannunka, domin daga ranar ka fita daga layin masu samun gyara. Duba apt changelog openssh-server, ko rpm -q --changelog, ka nemi lambar CVE ɗin da idonka.

Faci kuma yana iya zama a faifai alhali tsohuwar manhajar ce ke gudana a ƙwaƙwalwa. Idan an gyara OpenSSL, manhajar sirrinta bayanai, duk sabis ɗin da ke amfani da ita sai an sake kunna shi, kuma needrestart zai nuna maka su. Gyaran kanel yana bukatar sake kunna na'urar gaba ɗaya, abin da fayil ɗin /var/run/reboot-required ke sanar da kai a Ubuntu; Livepatch da kpatch, masu ɗora gyaran kanel yayin da na'ura ke aiki, suna ɗaga maka ƙafa ne kawai zuwa lokacin da ya dace.

Tun da an yi amfani da ɓarakar kafin gyara, faci ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Karanta rajistar shige da fice ta kwanakin baya, duba asusun da ba ka sani ba da mabuɗan da ke authorized_keys, kuma idan ɓarakar tana zubar da sirri kamar Heartbleed ta 2014, ka sauya mabuɗai da takardun shaida da kalmomin sirri.