Kyamarar daji don bin sawun barewa: ta kanti ko haɗin gida?

Kyamarar daji 'yar na'ura ce da ake ɗaurewa a jikin itace a tafi a bar ta, duk dabbar da ta gitta ta gabanta sai ta ɗauke ta hoto, ta buga rana da lokaci a ƙasan hoton. Maharban Amurka ne manyan masu sayenta, don su gane hanyar barewarsu mai rassan ƙaho kafin a buɗe farauta. Saboda haka alƙaluman da ke jikin kwalinta an auna su ne da dajin can mai inuwa da sanyi. A Damagaram kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan zarce digiri 40, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, itatuwan ma ɗaiɗai ne. Abin da ke raba kyamarar kirki da ta banza a nan shi ne yadda take jure zafi, ƙura da cin batir. Kyan hoto daga baya yake zuwa.

Kafin a kai ga waya da batir, akwai hukuma. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Gandun Termit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, yana cikin wuraren ƙarshe a duniya da mena da addax, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, suka rage, kuma harbinsu haramun ne. Ɗana kyamara a can aikin ƙidaya ne da kariya, da izinin ma'aikatan gandun daji. Ko a dajin Tanut ko na Gure, ka fara sanar da mai gari da makiyayan wurin. Akwatin da ba a san mai shi ba, manne a itace yana kallon hanya, ko dai a fasa shi ko a kai ƙararka, kuma da gaskiyarsu.

Yadda take ganin dabba

Ta kanti da ta gida duk abu ɗaya ke tashe su daga barci, wato idon ɗumi, wanda ake rubuta PIR. Ba motsi kaɗai yake gani ba. Abin da yake ji shi ne wani abu mai ɗumi dabam da na bayansa ya ƙetare daga wani yanki na gabansa zuwa wani. Da asubar hunturu, ƙasa ta yi sanyi, jikin barewa na da ɗumi, ido zai kama ta daga mita 15 ko fiye idan kyamarar ta kirki ce. Amma akwai sa'o'in da zafin ƙasa da na fatar dabbar kan zo ɗaya, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar a bazara. A lokacin barewa za ta wuce a mita 5 kyamara ba ta farka ba. Da tsakar rana kuma matsalar takan juye: yashi ya gasu, iska na kaɗa ciyawa da inuwar reshe, sai kyamara ta yi ta ɗaukar fili, hoto dubu babu ko zomo, katin memori ya cika, batir ya mutu.

Maganin biyun a saiti yake. Da zafi ka ɗaga ƙarfin jin idon zuwa sama, ka share duk ciyawa da karangiya da ke mita 3 zuwa 5 a gabansa, sannan ka kunna tsarin ɗauka bisa agogo, misali hoto ɗaya duk minti 5 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wannan tsari ba ya jiran idon ɗumi, don haka dabbar da ta tsaya kiwo ko hutu a inuwa ba za ta kuɓuce maka ba. Kyamarar da ba ta da shi, kada ka saye ta don aikin bazara.

Ta kanti

A jikin kwali, lambar farko da za ka nema ita ce saurin ɗauka. Masu kyau suna tsakanin daƙiƙa 0.2 da 0.5. Barewa mai tafiya ba gudu ba takan ci mita ɗaya ko fiye a daƙiƙa guda, saboda haka kyamarar da ke ɗaukar daƙiƙa 2 kafin ta farka, wutsiya za ta riƙa kawo maka. Ta biyu ita ce jinkirin da ke tsakanin hoto da hoto, domin shi ke nuna ko za ka ƙirga garken duka ko ta gaba kawai. Ka saita ta ta ɗauki uku a jere.

Lambar megafiksel kuwa kada ta ruɗe ka. Yawancin masu rubuta 24 ko 32, ainihin idon hotonsu bai wuce 2 zuwa 5 ba, sauran kumbura hoton ake yi a cikin na'ura. Ka zaɓi matsakaicin girma, hoton bai ragu da komai ba, katin ya fi daɗewa.

Fitilar dare iri biyu ce. Mai lamba 850 tana kai wa nesa, amma tana yin ɗan ja-ja da mutum zai hango idan ya dubi kyamarar. Mai 940 ba a ganinta sam, sai dai haskenta bai kai na waccan nisa ba. Inda makiyaya da matafiya ke bi, 940 ta fi, domin sata ta fi lalacewa yawan cinye kyamarori. Ka duba kuma a rubuce take IP66, alamar ƙura ba ta shiga.

Farashi ya bambanta sosai. Marasa suna na intanet sukan kama dalar Amurka 30 zuwa 60. Irin su Browning da Bushnell suna wajen 100 zuwa 150, Reconyx da masu bincike ke so kuma ta kai 400, ban da kuɗin aikowa da na kwastan. Masu arahar ba duka ne na banza ba, amma ba su da tabbas: biyu daga kwali ɗaya, ɗaya ta yi shekara, ɗaya ta fara mayar da agogonta baya a mako na biyu. Garantin da ake tallatawa kuma ba ya amfanar mai zama Zinder, tunda mayar da kayan ya fi kuɗinsa tsada. Akwai masu turo hoto ta waya. Da yawa daga na Amurka suna zuwa da sim ɗinsu a kulle, ba za su yi aiki a nan ba. Sai ka nemi mai buɗaɗɗen ramin sim, ka kuma tabbatar akwai rezo a daidai gindin itacen, ba a kan tudun da ke kusa ba.

Yawancinsu batir AA guda 8 suke ci. Ƙananan batiran tocila masu araha na kasuwa ba sa ɗaukar nauyin fitilar dare. Na alkalin suna aiki, amma a zafi sukan yi yoyo su cinye ƙarfen ramin batir. Na litiyam su ne gaskiyar aikin, sukan kai wata uku ko fiye idan hoto kake ɗauka ba bidiyo ba. Masu caji na NiMH volt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, don haka wasu kyamarori kan nuna batir ya kusa ƙarewa alhali a cike yake. Alamar batir ya yi rauni ita ce hotunan rana lafiya, na dare baƙi ƙirin. Kada ka gauraya sabo da tsoho.

Haɗin gida

A Amurka, shekarun 2000, masu haɗawa kan farke ƙaramar kyamarar Sony su jona mata allon PIR a cikin akwati. Hoton ya fi na kantin wancan zamani kyau, amma farkawarta na da nauyi. Yau hanya mafi sauƙi ita ce allon ESP32-CAM, wanda bai kai dalar Amurka 10 ba, da idon hoto OV2640 mai megafiksel 2 da ramin ƙaramin kati. Raspberry Pi, wani allon 'yar kwamfuta, ya fi shi hoto, sai dai tashinsa na ɗaukar kusan rabin minti, dole a bar shi a kunne, kuma ko ƙaraminsa zai shanye batirin litiyam mai caji, wanda ake kira 18650, guda biyu cikin kwana ɗaya. Idan ba ka da faifan sola, ka bar shi.

Kayan da za ka tara: allon ESP32-CAM da gindinsa na USB don loda masa umarni daga kwamfuta ta manhajar Arduino IDE, idon ɗumi AM312 ko HC-SR501, batir 18650 biyu, allon caji TP4056, mai ɗaga wuta zuwa volt 5, kafasita mai 1000 µF, katin memori, da akwatin roba na masu wayarin mai zoben roba a murfi. AM312 ba ya cin wuta amma ganinsa mita 3 zuwa 5 ne. HC-SR501 yakan kai mita 7, yana kuma buƙatar kamar minti ɗaya ya daidaita bayan an kunna. Batiran 18650 na gaske suna tsakanin 2,500 da 3,500 mAh. Duk wanda aka rubuta wa 9,900, ƙarya ce. Masu gyaran waya da kwamfuta na kasuwar Dole ta Zinder sukan ciro na kirki daga tsohon batirin laftof, sai dai a auna kowanne kafin a haɗa.

Ka jona fitar idon ɗumi da ƙafar allon mai lamba 13, ka saita allon ya yi barci mai nauyi har sai ƙafar ta samu wuta. Don ƙafar ta samu sarari, dole katin ya yi aiki a tsarin layi ɗaya. Wannan kuma yana hana farar fitilar allon, wadda ke kan ƙafa ta 4, walƙawa duk lokacin da ake rubutu a kati. Ka kashe Wi-Fi gaba ɗaya, domin yana cin wuta yana kuma sa PIR tashi a banza. Kafasitan ka sa shi dab da ƙafafun wutar allon. In babu shi, wuta kan faɗi daidai lokacin ɗauka, allon ya sake tashi, katin ya lalace. A cikin umarnin ka zubar da hotuna biyu ko uku na farko, don sukan fito kore ko duhu kafin idon ya daidaita haske. Kati kuma a goge shi a tsarin FAT32.

Kurakurai uku ne ke kashe yawancin haɗin gida. Na farko, sa idon ɗumi a bayan gilashi. Gilashi na tare irin ɗumin da yake ji, don haka farar hular tasa dole ta leƙo waje ta rami, a zagaye ta da silikon. Na biyu, amfani da fawa-bankin waya: idan allon ya yi barci ya daina jan wuta sosai, fawa-bankin kan kashe kansa. Na uku, fitilar dare. Idon OV2640 na da 'yar matatar da ke tare hasken da ba a gani, sai an cire ta ko an sayi wanda ba shi da ita, kuma daga nan hotunan rana za su riƙa fitowa da launin shunayya. Fitilar kanta, irin ta kyamarar tsaro mai volt 12, tana son nata mai ɗaga wutar da makunnin MOSFET, sannan ta samu taga dabam. Idan taga ɗaya suke da idon hoto, hasken zai dawo ya wanke hoton fari fat.

Ga lissafin da ke yanke hukunci. Allon ko yana barci yana jan kusan miliamfa 5, yayin da ta kanti ba ta kai ɗaya ba. Batir biyu masu 2,500 za su riƙe shi kamar mako uku, ƙasa da haka in dare na da baƙi da yawa. Farkawarsa daƙiƙa 1 zuwa 2 ce, kuma ba shi da agogon kirki sai ka ƙara masa allon agogo DS3231, ga ƙafafun allon sun yi kaɗan. Batirin litiyam bai kamata a yi masa caji ba idan zafinsa ya haura digiri 45, abin da baƙin akwati a rana ke zarcewa cikin sauƙi, don haka ka shafa wa akwatin fenti ruwan ƙasa ka sa shi a inuwa. A ganina haɗin gida ya dace da gona, garke ko bakin tabki da kake zuwa duk mako, inda kake son sanin dila ne ko kare ke ɗauke 'yan awaki. Komai ya lalace, mai gyaran waya zai canza shi da ɗan kuɗi kaɗan. Amma wurin da sai an ƙone man mota na yini kafin a kai, matsakaiciyar ta kanti da batirin litiyam ita ce mai araha.

Inda za a ɗaura

Maharban Amurka kan ɗaura a tsayin ƙugu. Barewarmu ƙarama ce, kafaɗarta ba ta wuce santimita 55 zuwa 65 ba, saboda haka santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa ya isa, a miƙe ba a sunkuye ba. Ka nemi gindin kandili ko aduwa inda 'ya'yan itacen ke zuba, ko inda namiji ke tara kashinsa wuri ɗaya, domin nan dabbar ke tsayawa. Idan hanya ce, kada ka fuskance ta kai tsaye, kada kuma ka yanke ta a gicciye. Ka karkata kamar digiri 45, mita 3 zuwa 5 daga sawun. Fuskar kyamara ta dubi arewa ko kudu, ban da gabas da yamma. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta arewacin kanmu, a watannin nan kudu ta fi.

In babu itace, ka kafa turken ƙarfe, don na ice gara za ta cinye shi. Raƙuma da shanu na soso da duk abin da ke tsaye, sai ka kewaye bayan turken da ƙaya. Ka toshe ƙananan ramuka saboda kiyashi. Da damina ka jefa 'yar jakar silika a ciki don raɓa, bayan damina kuma ka share busasshiyar ciyawa kewaye da gindin saboda wutar daji.

Kafin ka bar wurin, ka yi rarrafe ta gabanta a mita 3, 5 da 8, ka buɗe katin ka ga a ina ta kama ka. Duk zuwa ka taho da kati na biyu, ka kashe kyamarar kafin ka zare na ciki, ka goge sabon a cikin kyamarar kanta ba a waya ba. Ƙurar da ke kan gilashi da hular idon ɗumi a hure ta tukuna kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba yashin zai kankare su. Sannan ka gwada agogonta da na wayarka.